Ga ɗan'uwan da aka tura aikin wata takwas a Gembu

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tun daren jiya na ga tambayarka. Ka ce wurin aikinku sun tura ka Gembu, a kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, na wata takwas don haɗa sola a ƙananan asibitoci, kai kuma Bakatsine ne, iyakar tafiyarka gabas Bauchi, kana son sanin ko wurin zai zaunu, kuma ko mutum zai samu sukunin zagaya yankin. Na bari sai da safe don in amsa maka a nutse, domin ni ma na yi irin wannan zaman a can, wata bakwai, kan aikin haƙar rijiyar burtsatse, kuma akwai kuskuren da na yi wanda ba na so ka maimaita.

Ka je, kada ka yi ko ɗar. Amma ka shirya wa hanya. Daga Kano za ka bi Gombe da Numan ka kwana a Jalingo, washegari ka yi sammako, don daga Jalingo zuwa Gembu wuni guda ne cur: Garba Chede, Bali, Serti, sannan Mayo Selbe a gindin dutse. Daga nan ne hawan yake farawa. Akwai wurin da ake kira Hawa Biyu da Sisi, direbanmu ya ce sule biyu da sisi ne ladan ɗan dakon da zai hau da kaya a zamanin da mota ba ta hawa. Titin yana nannaɗe dutsen, hannu ɗaya bango, ɗaya hannun kwazazzabo, kunnuwanka su toshe, kowa a mota ya yi tsit sai salati. Da muka ɓulla sama wajen Maisamari na nemi direba ya tsaya. Mun baro Serti gumi yana tsiyaya a jikina, ga ni nan ina laluben rigar sanyi a jaka, kuma duk inda na juya tuddai ne shimfiɗe babu iyaka, shanu warwatse a kansu kamar an zuba farar ƙasa. Wanda ya tashi a filin Katsina ko Kano bai taɓa zaton akwai irin wannan a Najeriya ba.

Tsaunin Mambila ya kai wajen mita 1,500 a sama da teku, wasu wuraren sun fi haka, don haka sanyi ba na wasa ba ne. Ka tafi da bargo mai kauri, da safa, da hular sanyi, da filas na ruwan zafi saboda alwalar asuba. Takalmin roba mai tsawo da rigar ruwa kuwa ka saya a can.

To ga kuskurena. Na isa a watan Janairu, na ce wa kaina bari in fara kama aiki sosai, yawo sai daga baya. Wata biyu na yi daga wurin haƙa sai ɗaki, daga ɗaki sai masallaci, dare ya yi in rungumi waya ina hira da mutanen gida ina ƙirga kwanaki. Ban san cewa damina a can tana sauka da wuri ba, tun wajen Maris zuwa Afrilu, kuma ba ta ɗaukewa sai bayan Oktoba. Da ruwa ya kankama, hanyoyin ƙauye suka koma jan taɓo mai santsi, hazo yana rufe gari har ba ka ganin wanda ke gabanka, sai tsofaffin Land Rover da 'yan acaɓa masu ƙarfin hali ke shiga wasu wuraren. A haka na rasa hawan Gangirwal, wanda ake kira Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru. Tafiyar ƙafa ce ta kwanaki tare da masu gadin daji, kuma da rani ake yinta. Ina zaune kusa da shi wata bakwai ban taka shi ba, har yau abin yana ci mini rai. Don haka ka duba watan da za ka isa. In rani ne, wurare masu nisa za ka fara da su, tun makonnin farko, na kusa su jira damina.

Abin da ya fitar da ni daga ɗaki wani mai gadi ne a wurin aikinmu, dattijo Bafulatani. Wata Asabar ya ce, "Malam, kai baƙo ne ko fursuna?" Ya sa ɗansa ya ɗauke ni a babur zuwa gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea. Shekara nawa ina shan shayi ban taɓa ganin bishiyarsa ba. Gajeru ne, iya ƙugu, an aske kansu daidai wa daida, layi-layi har bayan tudu. Mata da kwanduna a goye suna tsinkar ɗanyen toho na sama kawai, ganye biyu da ɗan tsiro, suna jefawa baya ba tare da sun waiga ba. Wata ta miƙo mini na murza na shinshina, babu ƙamshin shayi ko kaɗan, sai an bar shi ya yi laushi, an yayyanka, ya sha iska ya yi duhu, sannan a busar. Ranar na gane cewa mai gadin nan ya fi duk wata taswira amfani.

Daga nan ban sake zaman Asabar a ɗaki ba. Na je kasuwar Nguroje, na ci fiya da ayaba da dankalin turawa a farashin da in na faɗa a gida ba za a yarda ba. Na sauka bakin kogin Donga a ƙasan Gembu. Na je kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, inda masu binciken itatuwa da tsuntsaye suke da masauki a bakin daji. Kana tafe a fili fetal cikin ciyawa, sai kawai ka ga kurmi baƙi ƙirin ya cika kwari, ka shiga ciki rana ta ɓace. Gandun dajin Gashaka Gumti kuwa, wanda aka kafa a 1991 kuma ya fi kowane girma a ƙasar nan, ofishinsu yana ƙasan dutse, wajen Serti. Ka nemi izini a can, su haɗa ka da ma'aikacinsu, kada ka shiga kai kaɗai.

Mutanen su ne rabin tafiyar. Akwai Mambila, da Fulani, da Kaka, da Panso, da Kambu, da Hausawanmu 'yan kasuwa. Za a ji Hausarka, amma a ƙauyuka Fulatanci ya fi tafiya. Ka koyi "a waali jam" da safe da "useko" wajen godiya, za ka ga yadda fuska take sakewa. Da ka san "mayo" kogi ne, sunayen garuruwa irin su Mayo Selbe da Mayo Ndaga za su fara yi maka magana. A teburin mai shayi na ji dalilin sunan ƙaramar hukumar, Sardauna. Yankin yana hannun Jamus ne da farko, bayan yaƙin duniya na ɗaya ya koma hannun Ingila a matsayin ɓangaren Kamaru, sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 Arewacin Kamaru ya zaɓi Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna saboda Sa Ahmadu Bello. Na karanta wannan a makaranta, amma jin sa daga bakin tsohon da iyayensa suka jefa ƙuri'ar daban ne.

Abu biyu zan ja maka kunne a kai. Maganar fili tsakanin manoma da makiyaya tana da zafi a can, an yi rikici mai muni a 2017, kuma kowa da ka zauna da shi yana da nasa ciwon. Ka saurara, ka jajanta, kada ka yanke hukunci. Na biyu, iyaka a kusa take, kuma ɓangaren Kamaru mai amfani da Ingilishi yana fama da rikici, har 'yan gudun hijira sun shigo yankin. Kada ɗan acaɓa ya ce maka "nan da nan ne" ka bi shi ka tsallaka. Duk inda za ka, shugabanka na aiki ya sani, mutumin gari ɗaya ya sani, ka riƙe tsabar kuɗi da katin shaidarka, ka dawo kafin magariba, domin sabis yana ɗaukewa da an bar manyan garuruwa.

Kuɗin yawo kuma ka ware shi daga alawus tun farkon wata, bayan ka tura na cefanen gida, don kada uwargida ta ga hotunanka a kan tudu alhali buhun shinkafa ya ƙare. Kai ma aikinka na asibitocin ƙauye zai kai ka inda ni ban je ba, ka riƙa ƙara awa ɗaya a kowace fita ka zauna da mutanen wurin.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa a gama aiki cikin nasara. In Allah Ya nufa ka hau Gangirwal, don Allah ka turo mini hoton samansa.