Amsar gwaggo kan bagaruwa, sabara da tazargaden jego

'Yata, barka da arziki. Allah ya raya mana, ya ƙara miki lafiya. Kin ce kakarki ta aiko miki da bagaruwa da sabara da tazargade, ta ce wannan a dafa a zauna a ciki, wancan a jiƙa a sha, ke kuma kina son sanin ko da gaskiya a ciki ko al'ada ce kawai. Da gaskiya, amma ba a ganyen kaɗai take ba. Iyayenmu sun san yadda ake sarrafa kowane, da wanda ake ba, da inda ake tsayawa, kuma wannan sanin ne yake ɓacewa yanzu.

Ɗauki bagaruwa. Ki ɗanɗana ruwanta, za ki ji bauri ya kama miki harshe. Wannan baurin sinadari ne da masana ke kira tanin, kuma shi ne majeman Kano suke dogara da shi wajen jeme fata tun kaka da kakanni. Yadda yake tsuke fatar akuya ya hana ta ruɓa, haka yake tsane ɗanyen rauni ya rage tsattsafowar ruwa. Shi ya sa aka ce mai jego ta zauna a ciki. Amma ki lura, zama aka ce. Tanin yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, ke kuwa kin zubar da jini, jiki na neman mayarwa. Kada ki mayar da ruwan bagaruwa abin sha. In kuma an yi miki ɗinki, ki fara tambayar ungozomar asibiti, ruwan ya zama mai ɗumi kawai, ba mai ƙuna ba.

Sabara ma tana da tanin, kuma gwaji a ɗakin bincike ya nuna tana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, abin da ya yi daidai da yadda ake sha don ciwon ciki da gudawa. Kaɗan ake sha, na 'yan kwanaki.

Tazargade ce nake so ki saurara da kyau, don ita ta fi amsa tambayarki kan jiƙo da dafuwa. Tana da 'yar uwa a ƙasar Sin. Wata masaniya, Tu Youyou, ta yi ta tafasa ganyen tana neman maganin zazzaɓin cizon sauro, sakamakon bai tabbata ba. Sai ta karanta a wani tsohon littafin magani na ƙarni na 4 cewa jiƙawa ake yi a matse a sha. Nan ta gane zafi ne ke lalata sinadarin. A 1971 ta tace shi ba da zafi mai yawa ba, ya yi aiki. Shi ne atemisinin da ke cikin ƙwayar maleriya da ake ba ki a asibiti yau, kuma a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. To in tsohuwa ta ce "wannan ba a dafa shi", kada ki yi mata dariya. Sai dai jiƙon tazargade ba ya maye gurbin ƙwayar. Ƙarfinsa ya danganta da ƙasar da ganyen ya fito da daɗewarsa a kasuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta yarda a yi maganin maleriya da shayinsa ba. Zazzaɓi ya kama ki, a gwada jini.

Abu biyu ne zan saɓa wa kakarki a kansu, kuma ni zan gaya mata da bakina don kada ki shiga tsakani. Na farko kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shansa, haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gado mai wuta, da kumburi da ciwon zuciyar masu jego. Gishirin cikinsa ne ke tara ruwa a jiki. Ki sha kunun gyaɗa ko na tsamiya. Na biyu dauri. Hanta da ƙodar jariri ba su yi ƙwarin tace waɗannan sinadarai ba, nononki kaɗai ya ishe shi har wata 6.

In kin ga ƙafa na kumbura, ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, a tafi asibiti a ranar, kada a jira arba'in. Ki gaishe min da maigidan.