Tarihin ƙauyen Luss

Ɗan'uwa ka tambaya ko Luss ɗin nan na bakin tafkin Lomond a Sikotland don 'yan yawon buɗe ido aka gina shi, a'a wallahi tsohon gari ne. Tun ƙarni na 6 wani mai wa'azin Kiristanci, Kessog, ya zauna a wajen, daga baya ƙasar ta koma hannun gidan Colquhoun, su ne ma suka gina ƙananan gidajen nan da kowa ke ɗauka a hoto, don leburorin da ke fasa dutsen rufin ɗaki. Cocin kuwa 1875 aka gina shi, Sir James Colquhoun ya yi shi ne saboda babansa da ruwan tafkin ya ci a 1873. Yanzu dai da yawa daga mutanen garin da harkar baƙi 'yan yawon buɗe ido suke cin abinci.