Ka bar amoniyar nan ta zauna, yaro

Ka ce yau kwana tara da haɗa tankin gilashin da na damƙa maka, babu kifi ko ɗaya a ciki, ka auna ruwan ka ga amoniya, sinadarin nan mai guba ga kifi, ta kai miligiram 3 a kowace lita, kana tambaya ko ka zubar da shi ka zuba sabo. Kada ka taɓa shi. Da wani ne ya kawo mini wannan tambaya da ban tanka masa ba, amma ta fama mini wani tsohon miki, don haka ka natsu ka ji.

A tankin da babu kifi, amoniya ba abokiyar gaba ba ce, abinci ce. Abin da muke kiwo a makonnin farko ba kifi ba ne, ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, waɗanda ke manne wa soson matata, wato na'urar tace ruwan, da tsakuwa da jikin gilashi. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, su ne ke cin amoniya su mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, domin takan shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iska. Sai rukuni na biyu, irin su Nitrospira, su mayar da naitirait zuwa naitiret, wadda kifi ke iya jurewa har a rage ta da canjin ruwa. Wannan shi ne abin da nake nufi idan na ce tanki ya nuna, kuma yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida, wani lokaci har takwas. Idan ka zubar da ruwan yau, ka kwashe wa yaranka tukunya ke nan tun ba su fara ci ba. Ka riƙe amoniyar tsakanin miligiram 2 zuwa 4 a kowace lita. Sai ta haura 5 ne za ka rage ruwan kaɗan, domin yawanta ma yakan jinkirta aikin. Maganar cire kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, daga ruwan famfo da barin matata a kunne dare da rana ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san su ba bai kamata ya riƙe bokiti a wurina ba.

Shekarun baya wani attajiri ya ba ni aikin tanki mai lita 600 a zauren karɓar baƙinsa. Ni na yanka gilashin da hannuna, na jera duwatsun, na haɗa matata, na gaya masa baki da baki cewa babu kifin da zai shiga sai bayan mako biyar aƙalla. Ya ce ya ji. A kwana na goma sha biyu yana da manyan baƙi, ya ga tanki fayau babu komai a ciki, abin ya yi masa kama da abin kunya, sai ya aika aka karɓo kifaye arba'in daga wurina da sunan zai ajiye su a wani tsohon tankinsa, ashe a sabon za a juye su. Ni kuma na bayar bashi, domin a lokacin ina ganin babban mutum ba ya ƙarya. Yaron gidansa, don ya burge, ya ciro soson matata ya wanke shi tas a ƙarƙashin famfo, ya kashe ɗan abin da ya fara tsirowa, sa'an nan kowane baƙo da ya wuce sai ya barbaɗa wa kifin abinci.

Kwana uku bayan haka aka kira ni da sassafe. Na tarar da kifayen sun taru a saman ruwa suna haƙi, wurin numfashinsu na gefen kai ya yi jawur, wasu sun kwanta a kan tsakuwa sun naɗe fukafukansu. Ruwan kuwa garau yake kamar a sha. Na ɗiga maganin awon amoniya a ƙaramar kwalba, maimakon ruwan ɗorawa sai ta rine kore shar, alamar amoniya ta yi yawa, irin koren da ban taɓa gani a aikina ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, na ruwan gidan yana wajen 8, kuma a nan kason amoniyar da ke kisa ya ninka na pH 7 kusan sau goma. Na canza rabin ruwan, na dawo da yamma na sake, amma kafin mako ya ƙare talatin da ɗaya sun mutu. Da hannuna na tsame su ɗaya bayan ɗaya.

Mutumin nan ya dubi tsabar idona ya ce na sayar masa da kifi marasa lafiya. Ya hana ni kuɗin kifin, ya hana ni cikon kuɗin aikin, ya kuma bi abokansa yana ɓata mini suna, har ayyuka biyu da na riga na sa rai suka suɓuce. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ni da hujja ko ɗaya, domin ban rubuta awon ko kwana guda ba, ban kuma sa shi ya sa hannu a kan sharaɗin mako biyar ɗin ba. Laifina ke nan, kuma ban yafe wa kaina ba.

Ku yaran yanzu irin gaggawarsa gare ku. Kun ga bidiyon minti ɗaya a waya, an zuba wani ruwa daga kwalba an saki kifi nan take, shi ke nan kun zama gwanaye. Idan kana son gajerta hanya, ka ɗebi soso daga tsohon tanki mai lafiya ka sa a sabuwar matata tun yana jiƙe, ka riƙe zafin ruwan tsakanin digiri 25 zuwa 28, ka ba shi iska sosai, kuma ka lura kada pH ya gangara kusa da 6, domin a nan aikin kan tsaya cak. Idan kuma wata rana ka tarar an riga an zuba kifi, lissafin ya juya: ka rage abinci ƙwarai, ka riƙa canza kwata ko rabin ruwan duk lokacin da amoniya ta doshi rabin miligiram.

Tankinka ya nuna ne ranar da ka zuba amoniya miligiram 2 a lita, bayan awa 24 ka tarar amoniya sifiri, naitirait sifiri, naitiret kuma ta bayyana. A nan za ka canza ruwa mai yawa, ka fara da kifaye kaɗan. Gobe da safe ka kawo mini littafin awonka in ga abin da ka rubuta a kwana taran nan.