Shin ya dace a sa wa kayan saƙo na'urar GPS?

Tambaya: Ina saro atamfa da leshi a Duwala ta ƙasar Kamaru, ana aiko mini da su Garwa ta mota. Zan iya sa na'urar GPS cikin kayan domin in san inda suke, kuma nawa za ta ci mini?

Amsa: Hajiya, abu ne mai yiwuwa, amma ba kowane kaya ne ya cancanci wannan ɗawainiya ba. Taurarin ɗan'adam na GPS mallakar Amurka ne kuma siginarsu kyauta ce, sai dai aikinsu ya tsaya ga sanar da na'urar inda take. Kafin labarin ya iso wayarki, dole na'urar ta kasance da layin waya, na MTN ko Orange misali, wanda za ta riƙa aiko saƙo da shi. A nan kuɗin yake: sayen na'urar, da kuɗin data ko na wata-wata, sannan da wahalar mayar da ita Duwala bayan kowace tafiya, abin da 'yan kasuwa kan manta da shi wajen lissafi. A ce na'urar ta ci sefa 25,000 alhali ribar ƙunshin ba ta kai haka ba, kin ga hasara ce. Amma idan dila ce ta miliyoyi, kuma na'urar za ta yi ta zuwa tana dawowa, kuɗin ba zai dame ki ba.

Hanyar ma tana da nata sharaɗi. Inda babu sabis, kamar wasu wurare na daji tsakanin Ngaundere da Garwa, na'urar za ta yi shiru har sai motar ta fito, kuma kwantenar ƙarfe tana tare sigina. Idan kayan za su tsallaka iyaka daga Kusseri zuwa Njamena ta Chadi, layin Kamaru ba zai yi aiki ba sai an buɗe masa damar yin aiki a ƙasar waje. Kada kuma ki dogara da AirTag, 'yar na'urar gano kaya ta kamfanin Apple, domin ba GPS ba ce, da wayoyin Apple na kusa da ita take dogara.

A ganina, motar ce ya kamata a bibiya, domin kuɗin na'ura ɗaya ya rabu kan kayan mutane da yawa, kuma haka kwastan ɗin Kamaru ke yi wa manyan motocin da ke ɗaukar kaya zuwa Chadi. Ki nemi kamfanin da motocinsa ke da na'urar, ki karɓi rasit mai lambar mota da lambar direba, sannan ki tambayi abin da za su biya idan kaya suka ɓata, tunda na'ura ba ta biyan diyya.