Tambaya da Amsa: Ɗan Sakkwato zai iya nutso a ruwan sanyi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Kawu. Na karanta ilimin kifi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yanzu kuma Allah ya ba ni gurbin ƙaro karatu a Ingila. Malamin da zai duba aikina ya rubuto cewa in nemi takardar shaidar nutso da tukunyar iska kafin mu fara fita teku. Iyo dai na iya, don tun muna yara muke faɗawa gulbin Rima a Kwalkwalawa. Amma an ce ruwansu kamar na firji yake, ni kuwa ko hunturun nan namu sai an dafa mini ruwan wanka. Inna ma ta ce ba da yawunta ba. Na ji an ce kai ka taɓa yi. Mi ya kamata in sani?

Ɗanka B., Runjin Sambo, Sakkwato

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka. Na yi, kuma ranar farko na sha kunya, shi ya sa nake da labarin da zan ba ka.

Kafin ka ba kowa ko sisi, je ka yi gwajin jini, irin wanda ake yi kafin aure. Mai sikila, wato SS, ba ya wannan harka, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki na daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma a ƙasan ruwa ba wanda zai kai ka asibiti da sauri. In AS ne kai, ka faɗa wa likitan da ya san harkar nutso, shi zai yanke. Masu horon za su ba ka takarda mai tambayoyi kan fuka, farfaɗiya, ciwon zuciya, ciwon suga da matsalar kunne. Ka cike ta da gaskiya.

Karatun kansa ba shi da tsawo. Ƙungiyoyi biyu za ka fi cin karo da su a can: PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, da BSAC ta Birtaniya, wadda ta girme ta, tun 1953. Ni ta PADI na bi. Akwai darasi na littafi da jarrabawa, sai shiga ruwa sau biyar a wurin wanka, sai nutso huɗu a ruwa na gaske. Za a sa ka iyo na mita 200 ba tsayawa, ka kuma yi minti 10 a saman ruwa ba ka dafa komai ba. Wannan ɗan Kwalkwalawa ba zai ji shi ba. In ka gama, katinka ya ba ka damar sauka har mita 18. Tukunyar da za ka goya kuma ba oksijin zalla ba ce kamar yadda mutanenmu ke zato, iskar nan ce da muke shaƙa aka matse ta.

To, ga inda iyon gulbi zai so ya cuce ka. Duk yaron da ya tashi a bakin Rima, da masuntan Argungu da kake gani suna lumewa a Matan Fada, abu ɗaya suka saba: a cika ƙirji, a riƙe numfashi. Da tukunyar iska wannan shi ne babban haram. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne ka ya ninka na bakin gaɓa sau biyu. In ka shaƙi iska a can ka riƙe ta ka taso, za ta kumbura ta ninka girmanta a cikin huhunka, kuma huhu ba balan-balan ba ne. Ko 'yan mitoci kaɗan sun isa su yi ɓarna. Sai ka koya wa jikinka sabuwar ɗabi'a, ka yi ta numfashi a hankali ba yankewa.

Na san wannan a littafi, na ci jarrabawarsa ma. Sai ga mu a wani tsohon ramin fasa dutse da ya cika da ruwa a tsakiyar Ingila, cikin watan Maris, agogon malamarmu na nuna digiri 7. Muka sauka bisa wani dandamali na ƙarfe a mita shida, muka durƙusa a jere kamar masu jiran a raba musu zakka. Aikin shi ne kowa ya cire gilashin fuskarsa, ya mayar, ya hura iska ta hanci don ruwan da ke cikin gilashin ya fita. A wurin wanka mai ɗumi na yi shi kamar wasa. A nan kuwa, da na zare shi, sai na ji kamar an mare ni da faranti. Goshina ya ɗauki sara, numfashina ya koma guntu-guntu ba da izinina ba, ruwa ya haye mini hanci. Ba abin da ke kaina sai sama. Na fara miƙewa ke nan na ji an damƙe igiyar kafaɗata. Matar nan, wadda tsawonta bai kai kafaɗata ba, ta riƙe ni gam, ɗaya hannun kuma ta danne abin shaƙar a bakina don kada in tofar. Ban san tsawon lokacin ba, wataƙila daƙiƙa ashirin. Numfashin ya lafa da kansa. Daga baya ta ce mini haka jiki ke yi in sanyi ya bugi fuska kwatsam, kuma maganinsa shi ne tun kana saman ruwa ka tsoma fuskarka ba gilashi, ka yi numfashi kaɗan ta abin shaƙar, har jikin ya daina mamaki. Ka yi hakan ko ba a ce ka yi ba.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni, kuma tarbiyyarmu ce ta jawo shi. An raine mu da dauriya. Namiji ba ya cewa wayyo, balle gaban baƙi, balle kuma kai kaɗai ne baƙar fata a wurin. A nutso na biyu yatsuna suka mutu cikin safar hannu, haƙorana na cizon robar da ke bakina saboda karkarwa. Duk lokacin da malama ta haɗa babban yatsa da manuni ta tambaye ni ko lafiya, sai in mayar mata da lafiya. Da muka fito na kasa ɓalle maɓallin ɗamarata, sai da wani yaro ɗan shekara sha shida ya ɓalle mini. Ba ta yi mini dariya ba, faɗa ta yi. Ta ce hannun da ya kasa ɓalle ɗamara a bakin ruwa ba zai iya zubar da dalmar nauyi da ake ɗaura wa mai nutso a ƙasa ba in ta ɓaci, ba kuma zai iya miƙa wa abokin nutsonsa iska ba. Ruwa na zuƙe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, kuma kafin ka ankara ya taɓa tunaninka. A wannan sana'a kowa na da ikon katse nutso a kowane lokaci ba tare da ya ba da dalili ba. Alamar ita ce ɗaga babban yatsa sama. Ka kula, a can ba ta nufin madalla, tana nufin mu fita.

Batun sutura, iri biyu ne. Akwai rigar roba da ruwa ke shiga kaɗan jikinka ya ɗumama shi, mai kaurin milimita 7. Akwai kuma wadda ruwa ba ya shiga sam, ana sa kayan ɗumi a ciki. Ga mai dafa ruwan wanka a watan Janairu, ta biyun zan ce, ko da ta fi tsada. Sai dai tana da nata darasi, don iska ake hura mata, kuma in iskar ta taru a ƙafafu za ka ga kanka kai ƙasa ƙafa sama kana tafiya sama ba shiri. Ka tambaya kuma ko abin shaƙar na ruwan sanyi ne, domin ƙasa da digiri 10 yakan iya daskarewa ya yi ta feso iska. Za a koya maka yadda ake kurɓar iskar a haka.

Wani abin da ba su san su faɗa maka ba: sanyin ruwa na sa fitsari ya matsu, kuma rigar ba ta cirewa da sauri. Ka zaga kafin ka sa, ka yi alwalarka tun da wuri, don a hunturunsu Azahar da La'asar da Magariba kusan a jere suke zuwa. Kada ka rage shan ruwa saboda tsoron haka, kada kuma ka haɗa horon da azumi. Bayan nutson kwanaki a jere ka bar aƙalla awa 18 kafin ka hau jirgin sama, saboda iskar naitirojin da ta narke a jiki tana buƙatar lokaci ta fita.

In da hali, ka yi rajista da zarar ka sauka. Ruwansu ya fi ɗumi a Agusta da Satumba, ya fi sanyi a Fabrairu da Maris, daidai lokacin da ni da wayona na zaɓa.

Ita kuwa Inna, kada ka tsallake ta. Zauna ka yi mata bayani cewa ba a shiga kai kaɗai, akwai malami a gefenka, akwai iyakar da ba a wucewa, ka nemi albarkarta. Tawa mahaifiyar, Allah ya jiƙan ta, da na kira ta a daren da na karɓi katin, ba ta tambayi sanyi ba. Cewa ta yi, tsakani da Allah, ban ga mutanen ruwa ba? Na ce mata abin da na gani wata tsohuwar mota ce da aka nutsar da gangan, da wani dogon kifi mai baki kamar na agwagwa yana kwance a kujerar direba. Ta yi shiru, sannan ta ce to shi ne, ya dai ga na yi addu'a.

Kawu