Tuƙin na kamfani ne ko na gida?

Ƙanina Auwal, saƙonka ya iso. Ka ce wani ejan a Tudun Wada ya samo maka aikin tuƙi a Doha, babban birnin Katar, kana son sanin ko akwai mai tsaya maka idan aka danne maka haƙƙi.

Akwai. Amma kafin ka ba shi ko sisi, ka tambaye shi: tuƙin na kamfani ne ko na gida?

In na kamfani ne, da sauƙi. Jami'an sa ido na ma'aikatar ƙwadago suna zagaya wuraren aiki da masaukin ma'aikata, har su ga mutum nawa aka cusa a ɗaki. Tun 2015 dole albashi ya bi ta banki, don haka in aka riƙe shi akwai shaida. Mafi ƙarancin albashi tun 2021 riyal 1,000 ne a wata, da ƙarin 500 na masauki da 300 na abinci idan kamfani bai tanada ba. Ba na ce maka kowa na bin doka ba, amma dai suna shakkar a kama su.

Direban gida kuwa, dokar 2017 ta sa shi layi ɗaya da 'yar aiki da mai girki. A takarda aikinsa awa 10 ne, da hutun kwana ɗaya a mako. To wa zai duba? Jami'i ba ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan mutum. Akwai wani ɗan Rigasa a nan Doha, da sassafe shi ke kai yara makaranta, ƙarfe ɗayan dare kuma yana cikin mota a ƙofar majalisar maigida, yana gyangyaɗi yana jiran a tashi hira. Yana da ikon kai ƙara, gaskiya ne, sai dai in ya kai, gidan wanda ya kai ƙarar zai koma ya kwana. Shi ya sa yawancinsu ke haɗiyewa.

In ejan ya ambaci "firi biza", rabu da shi. Sunanka na wurin wani, kana aiki wurin wani, ranar da jami'ai suka zo kai ne mai laifi.

Ka sa ya nuna maka lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Fasfonka kuma ya zauna a hannunka, riƙe shi laifi ne a dokar Katar. Kwantiragin, ka ɗauki hotonsa shafi-shafi ka turo min ta WhatsApp kafin Baba ya sayar da filin nan na Kawo. Ka gaida Umma.