Ku Tambayi Likita: Ciwon hanta da juna biyu

Tambaya: Likita, cikina wata biyar. A wurin awo an ɗebi jinina, takarda ta nuna ina da AgHBs, alhali ba abin da ke yi mini ciwo. Uwar mijina ta ce in sha jiƙon shawara, kuma kada in ba jaririn nono. Yaya zan yi? (Wata mai karatu, Tawa)

Amsa: Ƴar'uwa, kina ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Yawancin masu ita garau suke, cikin ma kan kai wata tara lafiya. Jaririn ne abin ji. Wajen haihuwa yake ɗauka, ta jinin uwa, kuma cikin jarirai 10 da suka kamu a lokacin, kusan 9 za su girma da ita, wata rana tana iya ƙeƙashe wa wasunsu hanta ko ta zama ciwon daji.

Ki nemi a auna yawan ƙwayar a jininki. Idan ta kai 200,000 a mililita ɗaya, likita zai sa ki kan tenofovir, ƙwaya ɗaya ta miligiram 300 kullum, daga mako na 28 har ki sauka. Sai allurar rigakafin jariri cikin awa 24 na farko. Nan ne ake yin sake: mace ta haihu a ɗaki, a jira suna ya wuce, a ce ai za a yi masa ta penta (allurar rigakafin cututtuka biyar, har da wannan) a mako na 6. Kafin nan ƙwayar ta riga ta zauna. Tun yanzu ki tambayi ungozomar asibitinku ko suna da allurar a firiji. Penta ta mako 6, 10 da 14 tana nan daram, ba a tsallake ta.

Nono ki ba shi, ba laifi. Jiƙo kuwa ba ya kashe ƙwayar, wani ma ƙara wa hanta wahala yake. Maigida ma ya je a gwada shi.

Tambaya: Ƙanwata cikinta wata takwas, idonta ya yi ɗorawa, fitsari kamar shayi, ga zazzaɓi. Mu jira ranar awo? (Wani mai karatu, Yamai)

Amsa: Malam, ku kai ta yau. A watannin ƙarshe na ciki, ciwon hanta nau'in E ne muka fi tsoro, wanda ake sha a gurɓataccen ruwa. Yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar, ya jawo naƙuda kafin lokaci ko ɗa ya mutu a ciki. Shi ne ya yi ɓarna a Diffa a 2017. Amma taifot da sauran ƙwayoyin bakteriya, har da zazzaɓin sauro, suna sa ido ya yi haka, kuma waɗannan suna da magani idan gwajin jini ya nuna su. Kada ku saya mata kafso a tebur: ba ya taɓa nau'in E, kuma irin su tetarasaikilin ba a ba mai ciki. Idan ta soma sambatu, yawan barci ko zubar jini, ku wuce asibitin haihuwa na Issaka Gazoby ko da tsakar dare ne.